Shekarar da Fiyano Ya Yi Shiru a Gidanmu

Sadiƙu da Bilkisu, ku nake rubuta wa wannan babin, domin ku kuka fi kowa baza labarin nan a karkace. Na ji ku da kunnena ranar Babbar Sallah kuna ba 'ya'yanku labari a falo kuna ƙyalƙyala dariya, wai Mama ba ta son kiɗan Yaya, wai ganinsa take aikin maroƙa, wai sai da aka kai ruwa rana kafin ta sauko. Ina kicin ina juya miya, ban tanka muku ba. To yau ga biro a hannuna, babu mai katse ni. A shekarar da abin ya faru, kai Sadiƙu ƙwallo ce kawai a kanka, ke kuma Bilkisu ba abin da kika iya sai kai ƙara da neman alewa, don haka ku bari wadda ta gani ta faɗa.

Za ku lura ina cewa "yayarku" ko "yarinyar nan". Ku kun san dalili, amma jikokina ba su sani ba. A Malumfashi inda aka haife ni, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa idan da baƙo, in an tambaye ta lafiyarsa sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Kunya ce, kuma ado ce ga mace. Kowa a garin ya san wadda ta fi kau da kai ita ce ranta ya fi rataya a kan yaron. Innata ba ta taɓa kiran sunan babban wanmu, Yaya Sani, ba. "Wancan" take cewa, ko "mai ƙaton kan nan", amma duk gidan mun san wa ake ɓoye wa ƙafar kaza a ƙasan tukunya. Da wannan tarbiyyar na hau jirgi na biyo babanku Amurka. Da aka haifi yayarku kuma sai ya sa mata sunan mahaifiyarsa, yana kiranta Mamana. Kun ga sunan ya haramta a bakina ta hanya biyu: ga 'yar fari, ga sunan suruka. Shi ya sa duk matan Arewa da ke yankin nan suke ce mini Maman Sadiƙu, suka tsallake ta saboda girmama ni.

Fiyanon nan, babban akwatin kiɗan da yayarku ta koya a kai, ba saye muka yi ba. Da babanku ya sami aikin binciken ƙasar noma a Beltsville, muka bar ɗan ɗakinmu na College Park muka koma gidan da kuka tashi a ciki, sai muka tarar da shi a ɗakin ƙasa. Masu gidan na da sun kasa fitar da shi saboda nauyi. Babanku ya ce a kira masu kwasar shara, ni na ce a bar mini, ya yi daidai da ajiye buhun shinkafa da galan ɗin manja. Haka ya zauna yana aikin kantar ajiye kaya. Wata rana ina wanki sai na ji waƙar tallar sabulun da ake sawa a talabijin tana fitowa daga bayan buhunan, tiryan-tiryan, ba kuskure. Na leƙa. Ga yarinyar nan, ba ta ma shiga aji ɗaya ba, ta ɗage murfin da ƙyar tana tsaye a kan yatsun ƙafa tana latsawa. Na koma da baya a hankali don kada ta gan ni, na sauke shinkafar washegari ban ce wa kowa komai ba.

Malamarta ta makaranta ce ta haɗa mu da Madam Vera, wata tsohuwa 'yar Gabashin Turai da ke koyar da fiyano a gidanta a College Park. Gajeriya ce, ga faɗa, ga kyanwoyi cike da gida, tana shan shayi a kofin gilashi kamar Buzu. Ranar farko ta saurari yarinyar, ta juya tafin hannunta ta duba kamar mai sayen atamfa, ta ce a kawo mata ita kowace Asabar, kuma kada a makara. Ni ce mai kaiwa. Na roƙi shugabarmu a gidan jinyar tsofaffin da nake aiki ta cire ni daga aikin Asabar, na karɓi na Lahadi da kowa ke gudu. Madam Vera ta yi ta cewa in shigo in zauna, ina cewa na gode, ina da abin yi a mota. Abin yin kuwa shi ne in faka daidai tagar ɗakin, in sauke gilashi, in jingina kaina. Ko lokacin da ƙanƙara ke zuba haka nake yi, da bargo a ƙafata. Shekara da shekaru ina nan a motar nan, har na san inda hannunta na hagu yake tuntuɓe kafin tsohuwar ta daka tsawa.

Ke Bilkisu har yau kina mitar cewa ke kaɗai aka sa yankan albasa da wanke-wanke. Gaskiya ne, kuma da za a sake, haka zan sake yi. Ban taɓa bari yayarku ta riƙe wuƙa ba, ban bari ta matso kusa da mai yana tafasa ba. Da ta shigo kicin sai in ce ta fita ta ba ni wuri. Yatsun nake tsaro. Idan tana gwaji a ƙasa, ba na kunna injin markaɗe, sai in jira ta huta, ko da tuwon dare zai makara. Babanku ya sha cin abinci a makare saboda wani Bature da ya mutu tun kafin a haifi kakansa ya rubuta kiɗa mai tsawo. Ni a wurina duk wannan magana ce nake yi mata, da babbar murya ma. Ban san ita ba ta jin yaren ba. Abin da take gani shi ne uwarta na koya wa ƙanwarta girki, ita kuma ana korarta daga kicin.

Da aka fara kai ta gasa, a zaurukan makarantu da ɗakunan karatu da majami'u, ina zuwa duka, ban taɓa fashi ba. Amma kujerar ƙarshe nake nema, ta bakin ƙofa. Da an fara tafi sai in zame in je in tayar da mota. Yaya za a yi in tafa wa 'yar fari, mutane na kallo? Ina ganin matan Amurka da na Koriya da na Indiya, kowace da damin furanni, suna ihun sunan 'ya'yansu, suna rungume su kamar sun dawo daga aikin Hajji. Ni kunyarsu ma nake ji. Idan ta shigo mota da kofin da ta ci, sai in ce ta ɗaura bel, in tambaye ta ko ta yi sallar la'asar. Kofin kuwa da kaina nake goge shi idan kun tafi makaranta.

Batun maroƙa da kuke yi, ba daga gare ni ya fito ba. Dangin babanku ne suka yi ta guna-guni a waya, wai jikar malamai ta zama makaɗiya. Ni na tare su. Na ce wa yayarsa, yarinyar nan ba ta roƙon kowa, ba ta wasa kowa, tana sallarta, tana rufe jikinta, wanda ya ga laifinta ya zo ya nuna mini. Ban gaya wa yayarku na yi wannan faɗan ba. A ganina ba abin faɗi ba ne.

Shekarar da ta cika sha shida, ta ci babbar gasar matasa ta duk yankin, Maryland da Virginia da Washington. Ladan wanda ya ci shi ne a ƙarshen sanyi zai hau dandamali a wani babban zaure a Washington, cikakkiyar tawagar makaɗa na raka shi, kuma malaman wata makarantar kiɗa ta New York za su zo su saurara, in ta yi musu su ɗauke ta. Wani gidan rediyo ya yi hira da ita. Aka sa bidiyonta a intanet, har Kano da Katsina aka gani. Ina tuƙi zuwa aiki na ji mai rediyon ya ambaci sunanta, sai da na gangara gefen titi na tsaya, don hawaye sun hana ni ganin hanya.

Ana cikin haka Sallah ta zo. Kamar yadda muka saba, 'yan Arewa muka taru a wani filin shaƙatawa a Beltsville, kowa da kular abincinsa, maza na gasa nama suna gardamar siyasar gida, mu mata mun baza tabarmi. Hajiya Kulu na tsakiya. Ita ce babbarmu, Bakanuwa, matar likita, ita ke zuwa wa kowa zaman jego, ita ke raba faɗan miji da mata, bakinta kuma ba ya ajiye magana. Ta dube ni ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Maman Sadiƙu, ashe haka 'yarki ta zama? Mun gan ta a waya. Barka, barka."

Na ja gyalena na rufe rabin fuska, na ba ta amsar da kowace 'yar mutunci za ta bayar.

"Wace 'yar? Ni ban san ta ba, Hajiya, ta babanta ce. Ƙara kawai ta cika mana gida da ita, ko barcin rana ba ma samu."

Matan suka kwashe da dariya. Wata ta dafa ni ta ce ji Bafulatana, wata ta ce kunyar Katsinawa sai su. Duk sun gane abin da na ce: ina alfahari da ita har ba zan iya buɗe baki ba. Da na juya sai na ga yayarku tsaye a bayana da farantin waina a hannu, ta kawo mini ne. Kun san ku 'ya'yan nan kuna jin Hausa sarai, amsawa ce kawai sai da Turanci. Ta ji kowace kalma. Ta ajiye farantin a gabana a hankali, ta wuce mota ta zauna har aka tashi. Na ɗauka gajiya ce.

Washegari ban ji kiɗa ba. Kwana na biyu ma haka. Na sauka ƙasa da kwandon wanki, na tarar an rufe fiyanon, an shimfiɗa masa zane, an jera littattafan kimiyya a kai. Gidan ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Na kunna injin markaɗe da rana tsaka ba tare da na jira kowa ba, sai na ji ƙararsa ta ba ni haushi na kashe. Asabar ta zo na ɗauki makullin mota, ta ce mini daga saman bene ba za ta je ba, tana da jarrabawa. Ban tambaye ta ba, don ban san yadda ake tambayar 'yar fari abin da ke damunta ba. Na dafa mata dambun shinkafar da take so na aika Bilkisu da shi, ya dawo yadda ya tafi. Tsoro ya kama ni sosai.

Ranar wata Laraba da yamma aka buga ƙofa, na buɗe, sai ga Madam Vera da sandarta, ta hawo bas tun daga College Park. Ba ta gaishe ni ba. Ta zauna a kujerar babanku ta tambaye ni me na yi wa yarinyarta. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata ji tsohuwa, ni na yi naƙudar ko ke? Amma na kawo mata shayi. Ta ce yarinyar ta kira ta a waya ta ce ta daina kiɗa, ba za ta hau dandamalin ba, ba za ta New York ba, za ta karanta haɗa magunguna ta huta. Dalilinta kuwa, wai tun tana ƙarama take bugawa don uwarta ta juyo ta dube ta, yanzu ta ji da kunnenta cewa duk abin nan ƙara ce, kuma uwar ta ce ba ta ma san ta ba. Na yi dariyar takaici, na shiga yi mata bayanin al'adarmu da Turancina na asibiti. Ta saurara har na gama. Ta ce ta gane, a ƙauyensu ma tsofaffi kan ce wa jariri mummuna don gudun baki. Sannan ta ajiye kofin ta dube ni.

"Yaya sunan 'yarki?"

Na ce ai ta sani.

"Na sani. A bakinki nake son ji."

Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma babu abin da ya fito. Ta jinjina kai ta ce ni a can aka haife ni, yarinyar kuwa a wani asibiti a Maryland aka haife ta, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya fassara mata shiruna. Ta tashi ta tafi, ba ta ko bari in kai ta tasha ba.

Babanku ya shiga tsakani, kun san shi da son lacca. Ya zaunar da ita ya yi mata bayani tun daga kakanni, har da misalin innarsa. Ina tsaye a bayan ƙofa ina ji. Ta bar shi ya gama, sannan ta amsa da Turanci, murya a kwance, ba kuka ba tsiwa.

"Baba, na san al'ada ce. Amma direban bas ɗin makaranta ya kira sunana, mai rediyo ya kira, baƙin da ban sani ba sun kira. Ban san yadda sunana yake a muryar uwata ba."

Da ƙyar ya shawo kanta ta yarda za ta yi wasan Washington, saboda kada wahalar Madam Vera ta tashi a banza. Amma ta ce daga shi ta rufe, ko malaman New York sun ɗauke ta ba za ta je ba. Ta koma gwaji, sai dai kiɗan ya canza. Babu kuskure ko ɗaya a ciki, kuma babu ita a ciki. Ni da na shekara goma ina saurare ta taga, na san bambancin.

Ranar wata Lahadi da safe kafin in tafi aiki na kankare katin waya na kira Inna a Malumfashi. Lokacin ta tsufa ƙwarai, sai an kara mata wayar a kunne. Na zayyana mata komai, ina jiran ta ce yaran zamani ne, a bar ta za ta huce. Yaya Sani ya rasu a hatsarin mota a hanyar Funtuwa tun ina amarya, kuma tun daga ranar ban taɓa jin Inna ta ɗauko zancensa ba. Sai ga shi ta ɗauko.

"Ranar da aka kawo wancan, da aka fita da shi, na shiga ɗaki na tura ƙofa. Na kira shi da sunansa. Ban taɓa ba sai ranar. Bai amsa ba."

Ta yi tari ta ci gaba.

"Amma shi ya san abin da shiruna yake nufi, a cikinsa ya girma. Taki ta sani?"

Na ce ba ta sani ba. Ta ce to, a gaida yaran, ta miƙa wayar. Ba ta ce in kira ba, ba ta ce kada in kira ba. Haka Inna take.

Kada ku ɗauka daga nan abin ya zo da sauƙi. Na fara gwaji ni ma. A kan babbar hanyar nan da ta zagaye Washington, cikin cunkoson safe, gilashi a rufe, nake faɗin sunan ni kaɗai, ina waige-waige kamar wadda ta saci nama. Wani direban babbar mota ya taɓa kallona ina motsa baki ina rufe fuska, Allah kaɗai ya san abin da ya ɗauke ni. A mota yana fita. A gida kuwa sai in tsaya a gindin bene, in cika ƙirji da iska, in ji bakina ya ce, "Ke, abinci ya yi." Na gwada a kicin, na gwada a ƙofar ɗakinta. Da na ga fuskarta sai in ga surukata, in ga Inna, in ga duk matan Malumfashi sun zuba mini ido. Har ranar wasan ta zo ban iya ba.

Da rana aka yi shi, ranar Lahadi. Na ɗinka mata doguwar riga koriya mai dogon hannu, na tsuke hannun daidai wuyan hannu don kada ya dame ta, na ba Bilkisu ta kai mata. An ware wa iyaye kujeru a layin gaba. Da muka shiga ƙafata ta nufi baya da kanta, na tsayar da ita, na bi babanku har gaba na zauna. Hajiya Kulu ta cika mota biyu da mata, suka zauna a bayanmu cikin leshi da ɗaurin ɗankwali, Turawan da ke bayansu na ta leƙe ta gefe. Babanku ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gargaɗi cewa kiɗan kashi uku ne, in an yi shiru a tsakani ba a gama ba, kada wadda ta tafa. Hajiya Kulu ta ce masa ya zauna, ba yau suka fara shiga taro ba.

Makaɗan suka cika dandamali da gogensu manya da ƙanana da kakakinsu. Sai ga ta ta fito, siririya, jagoran makaɗan na biye da ita. Kafin ta zauna ta ɗaga kai ta dubi can baya, kujerar ƙarshe ta bakin ƙofa, inda ta saba ganina. Wani dattijon Bature ne a wurin. Na ga kafaɗunta sun sauka. Ba ta dubi layin gaba ba, don ba ta taɓa tunanin nema na a nan ba. A lokacin na gane abin da na jawo da canjin kujera: yarinyar nan ta ɗauka yau ban zo ba sam.

Ta fara. Ban san sunayen abubuwan da masana ke yabawa ba, amma na san kiɗan nan kamar yadda na san hanyar gidanmu, don a kansa na yi wankin wata da watanni. Da aka zo kashi na biyu, mai tafiya a hankali, sai na ji abin da ya ɓace ya dawo, amma da baƙin ciki ya dawo. Bankwana take yi da fiyanon, a gaban jama'a, kuma ni kaɗai na sani. Na ji Hajiya Kulu na jan hanci a bayana. A kashi na uku akwai wurin da hannun hagu ke gudu, inda ta sha tuntuɓe a ɗakin ƙasa. Na riƙe numfashi, na damƙe hannun babanku a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Ta wuce wurin kamar ba a taɓa samun matsala a nan ba.

Zauren ya tashi tsaye. Ta miƙe ta rusuna, fuskarta ba murmushi, ta sake duban bakin ƙofa. Na san in ta juya ta shige labulen nan, shi ke nan, an rufe fiyano. Na miƙe. Na kira sunan, tafi ya haɗiye shi, ni kaina ban ji ba. Ta fara juyawa. Sai na kama hancina na rangaɗa guɗa, irin wadda ake yi in an shigo da amarya, wadda rabona da ita tun ina budurwa. Zauren nan an gina shi ne don ƙaramin sauti ya kai ko'ina, to ku ƙiyasta. Tafin ya yanke, kawuna suka juyo, jagoran makaɗan ya dafe ƙirji. A cikin shirun nan, a gaban babanku, a gaban Hajiya Kulu da matan Arewa mota biyu, na kira ta.

"Asma'u."

Ta tsaya cak. Ta bi muryar da ido har ta same ni a layin gaba, gyalena ya zame. Ta daɗe tana kallona. Yarinyar da ba ta taɓa mayar mini da magana da Hausa ba tun tana makarantar renon yara, sai ta ɗan durƙusa a kan dandamalin, yadda ake yi a gida, ta ce:

"Na'am, Mama."

Turawan ba su san me aka yi ba, suka ci gaba da tafi fiye da na farko.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Ta tafi New York da kaka, daga can sai birane da ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba, fiyanon ɗakin ƙasa ya koma ɗaukar buhun shinkafa. Wannan shi ne farashin farko, kuma ni na biya shi da bakina: da na yi shiru da tana nan kusa da ni tana sayar da magani a Beltsville. Na biyu kuwa, tun a harabar zauren Hajiya Kulu ta riƙe haɓa ta ce, Maman Sadiƙu, Amurka ta gama da ke. Har ta koma ga Allah ba ta daina tsokanata ba, duk taron suna sai ta ce a ba ni hanya ga mai guɗar 'yar fari. Wasu matan da gaske suka ji abin, na ga yadda suka rage sakin jiki da ni. Labari ya riga ni isa gida, yayar babanku ta shekara ba ta karɓi gaisuwata ba saboda na kira sunan uwarsu gatsau a bainar jama'a. Ban ce sun yi laifi ba. Ni ma ban ce tarbiyyar da aka yi mini kuskure ce ba, har gobe ina ganin kyanta, kuma ban sake kiran sunan a gaban mutane ba. Yayarku ma ba ta sake nema ba. Yanzu ita ke kiran nata ɗan farin tun safe har dare, tana sumbatarsa a gabana, ni ina kau da kai.

Washegarin wasan na sayi kati na kira Malumfashi. Na yi niyyar in ba Inna labarin zauren da makaɗan da rigar, in kewaya in kewaya kafin in zo wurin. Ba ta bar ni ba. Muna gama gaisawa ta ce ta ji an yi taro. Na ce an yi. Na ce, Inna, na kira ta.

Ina jin kukan awakinta ta cikin wayar.

"Ta amsa?"

Na ce ta amsa.

"To, alhamdu lillahi," in ji Inna. "Ki riƙa kira tun tana amsawa."